Idan Ɗalibi Ya Karɓi Alli: Tambayoyi da Amsoshi Kan Barin Yara Su Ja Ragamar Karatu a Aji

Kusan duk taron bitar da za a kira malamai sai an ce musu su rage magana a aji, su bar ɗalibai su yi aiki da kansu. Da yawa sukan gyaɗa kai, su karɓi kuɗin mota, ranar Litinin kuma su koma yadda suka saba. Ba laifinsu ba ne kacokan, domin akwai tambayoyin da ba a cika amsa musu a wurin bitar ba. Su ne aka tattara a nan, haɗe da na iyaye.

Me ake nufi da ɗalibai su ja ragamar karatu?

Ana nufin a tsara darasi ta yadda mafi yawan tunani da bayani da gwaji zai fito daga ɗalibai, ba daga bakin malami kaɗai ba. Su za su yi hasashen amsa, su kare ta a gaban abokansu, su gyara wa juna, wani lokaci su zaɓi hanyar da za su bi su warware matsala ko abin da za su bincika. Malami shi ke da sanin inda aka nufa, shi ke shirya tambaya, shi ke raba aiki, shi kuma ke rufe darasi da daidaita abin da ya karkace. Matakai ne. Mafi ƙanƙanta shi ne yaro ya juya ga na kusa da shi su tattauna tambaya ɗaya na minti biyu. Mafi girma shi ne rukunin ɗalibai su ɗauki mako uku suna bincike su kawo wa aji sakamako.

To ai mun san wannan. Ba shi ne malami ya miƙa wa monita littafi ya koma gindin darbejiya ba?

A'a, kuma gara a raba su tun da wuri, domin wannan ɗabi'ar ce ta ɓata wa tsarin suna. Monita yana kwafar rubutu a allo, sauran suna kwafa a littafi, wani kuma yana rubuta sunayen masu surutu: babu wanda ya yi tunani a wannan ajin, har shi monitan. Gudun aiki ne kawai.

A ajin da ake yin abin da gaske, malami ba ya samun zama. Yana zagawa tsakanin bencina yana kasa kunne, ya ji inda rukuni kaza suka maƙale, ya jefa musu tambaya ya wuce. Shirinsa na dare ma ya fi yawa, saboda rubuta bayanin da za a kwafa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙirƙiro tambaya guda mai kyau da za ta raba kan aji gida biyu.

Wace fa'ida ce ɗalibi ke samu wadda ba zai samu ba idan malami ya yi masa bayani mai kyau?

Babbar fa'idar ita ce wanda ya buɗe baki ya yi bayani shi ke gane ko ya fahimta ko bai fahimta ba. Sauraro yana yaudara. Malami gwani zai yi bayani tsaf, ya tambaya "kun gane?", aji ya amsa baki ɗaya "mun gane", kuma ba ƙarya suke yi ba, a lokacin haka suke ji. Sai ranar jarrabawa asiri ya tonu.

Ɗauki ajin firamare huɗu. Malama ta rubuta a allo: wanne ya fi girma, 1/3 ko 1/4? Ta ce kowa ya nuna amsarsa da yatsu a ƙirji, ɗaya ko biyu, don kada a leƙi na wani. Yawanci za ka ga yara da dama sun zaɓi 1/4, tunda huɗu ta fi uku. Maimakon ta faɗi amsa, sai ta ce kowa ya nemi wanda amsarsu ta bambanta ya shawo kansa. Aji ya kaure. A benci na uku wata yarinya tana ce wa maƙwabciyarta: "Ke, in burodi ɗaya aka ba mu mu uku, sai ga Yaya ya shigo aka ce a raba da shi, naki ƙaruwa zai yi ko raguwa?" Ɗayar ta yi shiru, ta ce raguwa. Shi ke nan. Abin da malama za ta yi minti goma tana zanawa, yarinya ta gama shi da jimla ɗaya, domin ita ma ba ta daɗe da fita daga wannan ruɗanin ba, ta san daidai inda yake. Malama kuwa ta fahimci wannan abu shekara ashirin da suka wuce, har ta manta yana da wuya.

A cikin minti biyun nan abubuwa uku sun faru. Mai bayani ta ƙara daddale abin a kanta. Mai sauraro ta ji shi da harshen da ya yi daidai da ita. Malama kuma ta ga kuskuren da ke kan rabin ajinta tun kafin ya kwana, abin da ba za ta taɓa gani ba in da ita kaɗai ke magana.

Akwai sauran fa'idoji da ke zuwa a hankali: yaro ya saba tsayuwa gaban mutane ba tare da rawar murya ba, ya iya cewa "ban yarda ba, ga dalilina" ba tare da faɗa ba, ya iya raba aiki da wasu. Wanda ya saba haka ba ya ruɗewa idan ya shiga jami'a ya tarar malami ya ba da jerin littattafai ya yi gaba.

Akwai bincike da ya tabbatar da haka, ko daɗin baki ne na masu shirya bita?

Akwai, amma a san iyakarsa. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da injiniyanci da lissafi na jami'o'i. Sun samu cewa a inda ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, a inda ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin aji kuwa kusan kashi 22 ne. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai dai 'yan jami'a ne, ba 'yan firamare ba, kuma a duk azuzuwan malami yana nan yana jagoranci.

Salon zaɓen amsa sannan a tattauna da na kusa, wanda aka kwatanta a sama, Eric Mazur ne ya yi fice da shi, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, a farkon shekarun 1990. Abin da ya tunzura shi shi ne ya gwada ɗalibansa da tambayoyi masu sauƙi kan ma'anar abin da suka koya, sai ya tarar suna iya warware lissafi mai wuya da ƙa'idar da suka haddace amma ba su san me take nufi ba. Duk malamin da ya taɓa gyara takardun 'yan aji shida na sakandare ya san wannan cutar.

Wani binciken da aka yi a jami'ar dai, aka wallafa a 2019, ya kamata kowane malami ya sani kafin ya fara. An koyar da darussa iri ɗaya ta hanyoyi biyu. Ɗaliban da aka sa su aiki sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su, sai suka ce sun fi jin sun ƙaru a lacca. Wato wahalar tunani takan sa mutum ya ɗauka ba ya ci gaba. Don haka in ɗalibanka suka fara ƙorafi a makon farko cewa "Malam ba ya koyarwa, mu yake sa wa", kada ka karaya.

Abu ɗaya kuma da ya kamata a daina yaɗawa: zanen dalar nan da ake nunawa a bita, mai cewa mutum yana riƙe kashi 5 na abin da ya ji a lacca, kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 90 na abin da ya koyar. An nemi binciken da ya haifi waɗannan alƙaluma an rasa. Koyar da wani yana taimakawa, wannan gaskiya ne, amma lambobin ba su da asali.

Wannan ba tsarin Turawa ba ne da ake son a ɗora mana?

Duk wanda ya yi makarantar allo zai yi murmushi da wannan tambayar. A tsangaya, wa ke biya wa kolo karatu idan ya fara babbaƙu da farfaru? Sau da yawa ba alaramma ba ne, titibiri ne ko gardi. Kowane almajiri yana kan allonsa, yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, ba ya wankewa sai ya iya, wani yana izu biyu na kusa da shi yana izu ashirin, kuma malam ɗaya yana riƙe da su duka saboda manya na ɗauke masa nauyin ƙanana. A musaffa kuwa mahaddata ke karatu bi da bi, wanda ya yi tuntuɓe 'yan'uwansa su gyara masa nan take.

A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan koyar da jagororin mata da ake kira jaji, ta naɗa su da malfa da jan rawani, su kuma su koma ƙauyukansu su koyar da mata ta hanyar waƙoƙin da ta rubuta. Ɗaliba ce ke zama malama.

Turawan ma a wani wuri suka gani. Wani ɗan Birtaniya, Andrew Bell, ya ga yara suna koya wa juna rubutu a kan yashi a Madras ta Indiya, ya ɗauki dabarar ya wallafa ta a 1797. Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 a kan irin wannan tsari, inda malami ɗaya ke koyar da manyan yara, su kuma su koyar da ɗaruruwa. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa, daga baya ya mutu, kuma dalilin mutuwarsa darasi ne gare mu: yaran da ake sa wa koyarwar ba su fi waɗanda suke koya wa sani da yawa ba, abin ya koma maimaita hadda kamar aku, ga tsananin horo. Haka nan tsarin allo ya ƙware wajen hadda da gyaran karatu, amma tambayar "me ya sa?" ba nan ne muhallinta ba. Abin da ake nema a ajin boko shi ne a ɗauki al'adar yaro ya koya wa yaro, a ƙara mata neman dalili.

Ajina ya haura yara ɗari, wasu a ƙasa suke zaune. Ta yaya zan yi?

Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Kowa ya san a makarantun gwamnati da yawa a birane irin su Kano wannan magana ce ta takarda. Amma cunkoson ne ma ya sa ake buƙatar tsarin. A darasin minti 40, in za ka ba kowane yaro cikin ɗari damar magana, ko rabin minti ba zai samu ba, kai kuma ba ka ce komai ba. In kuwa suka yi magana bibbiyu, yara hamsin ne ke bayani a lokaci guda.

Kada ka fara da jan bencina da kafa rukunoni, rabin lokacin zai ƙare a hayaniya. Fara da bibbiyu, kowa da wanda ke gefensa. In ana son huɗu, 'yan layin gaba su juya baya kawai. Ka sa alamar tsayawa guda da kowa ya sani, tafi uku ko ɗaga hannu, ka horar da su a kanta kwana biyu kafin komai. Ka ƙayyade lokaci gajere, minti biyu ko uku, domin surutun banza yana farawa ne bayan aikin ya ƙare ba a ce a tsaya ba. Sannan ka sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai, da shugaban makaranta, kada a ji ƙara a ɗauka aji ya fi ƙarfinka.

Idan yaro ya koya wa ɗan'uwansa kuskure fa?

Zai faru. Amma kuskuren nan yana kan yaron tun kafin ya buɗe baki, bambancin kawai yanzu ya fito fili inda za a iya kama shi. Haɗarin yana nan ne idan aka bar tattaunawa ba a rufe ta ba. Ka'ida ita ce kada a fita aji sai malami ya faɗi amsar da take daidai ƙarara, ya bayyana dalilin da ya sa amsar da ta ruɗi mutane ba daidai ba ce. Idan kuma ka ga kusan duk ajin sun zaɓi kuskure tun a zagayen farko, kada ka ce su tattauna, babu mai abin ba wani. Koma ka sake bayani.

Ba a tauye masu ƙoƙari ba? Kuma malalata ba za su laɓe a bayansu ba?

Iyayen yara masu hazaƙa sukan ce: na biya kuɗi a koyar da ɗana, ba ya koyar da 'ya'yan wasu ba. Amsar ita ce mai bayani yana ƙaruwa, sau da yawa fiye da mai sauraro, domin dole ya tsara abin a kansa ya kuma amsa tambayar da bai zata ba. Amma in kullum shi ne mai ja, ba a taɓa ba shi abin da zai wahalar da shi ba, to ƙorafin iyayen yana kan hanya. Wani lokaci a haɗa masu ƙarfi wuri ɗaya a ba su aiki mai tsauri.

Maganar laɓewa kuwa gaskiya ce tsantsa. "Ku kasu rukuni-rukuni ku yi aikin nan" yakan ƙare da yaro ɗaya yana rubutu, biyar suna hira. Maganinsa a tsarin aikin yake. A 1971 a birnin Austin na jihar Texas, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya har rikici ya yi yawa, wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, ya ɓullo da wata dabara. A raba darasi gida biyar, kowane ɗan rukuni a ba shi gida ɗaya. Masu gida iri ɗaya daga duk rukunoni su haɗu su ƙware a kansa, sannan kowa ya koma rukuninsa ya koyar da nasa kason. A ƙarshe a yi wa kowa gwaji a kan duka biyar. Ba mai iya laɓewa, domin abin da ke hannunka babu shi a hannun kowa a rukunin, kuma ba mai iya raina wani, domin makinka yana bakinsa. A darasin tarihin Daular Usmaniyya ta Sakkwato, misali, wani ya ɗauki halin da ƙasar Hausa ke ciki kafin 1804, wani hijira zuwa Gudu, wani yaƙe-yaƙen, wani tsarin mulki, wani kuma zuwan Turawa a 1903.

Ƙaramar dabara mai sauƙi: kowane ɗan rukuni ya ɗauki lamba, sai bayan sun gama malami ya kira lambar da za ta yi bayani.

A tarbiyyarmu yaro ba ya musu da babba. Wannan ba zai koya musu fitsara ba?

Ladabi daban, rufe baki a wurin neman ilimi daban. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Bai fara da faɗa musu ba, sai ya bar su suna ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya ji a ransa dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, kunya ta hana shi. Da ya ba mahaifinsa labari daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi soyuwa gare shi fiye da abu kaza da kaza. Ga malami yana jefa tambaya yana jira, ga kuma uba yana son ɗansa ya yi magana a gaban manya.

Abin da ake buƙata shi ne a koya wa yara lafazin saɓani. "Malam, ni ga yadda na fahimta." "Ina ganin akwai gyara a layi na biyu." Ana koyar da wannan kamar yadda ake koyar da gaisuwa. Malami kuma ya hana dariya ga wanda ya yi kuskure, hani mai tsanani, domin yarinyar da aka yi wa dariya sau ɗaya tana iya yin shiru har ƙarshen zango. Ga masu kunya, musamman 'yan mata a ajin da ke haɗe da maza, magana da mutum ɗaya a gefe ta fi sauƙi a kan miƙewa gaban aji, shi ya sa ake farawa da ita.

Akwai kuma laifin gaggawa. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta samu cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Daƙiƙa uku a gaban aji mai shiru tana da tsawo fiye da yadda ake zato. Gwada ka gani.

Manhaja tana da yawa, ga WAEC da NECO da JAMB. Ina lokacin yake?

Tattaunawa tana cin lokaci, babu musu. Ba kowane darasi za a yi wa haka ba. A zaɓi wuraren da aka san ɗalibai na faɗuwa duk shekara, a kashe lokacin a can, sauran a wuce da bayani kai tsaye. "Mun gama manhaja" magana ce mai daɗi a littafin rahoto, amma in an gama ta yara ba su riƙe komai ba, sai an sake ta a darasin yamma da kuɗin iyaye.

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma sun dace da wannan salon sosai, tunda kowace na da zaɓi huɗu ko biyar, kuma amsoshin ƙarya an gina su ne a kan kurakuran da ɗalibai suka saba yi. Maimakon a karanto "lamba bakwai, C", a sa kowa ya zaɓa, su yi gardama, sannan a tambayi wanda ya zaɓi B me ya ja shi.

A ina ne tsarin ba ya aiki?

Wurin sabon abu ɗanye. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun yi rubutu mai zafi suna nuna cewa barin mai farawa ya gano abu da kansa ba tare da jagora ba ba ya haifar da ɗa mai ido, saboda ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Suna da gaskiya. Yaro ba zai gano sautin harafin "ɗ" ta hanyar tattaunawa ba, sai an faɗa masa, an maimaita. Ba zai gano alamomin sinadarai ko dokar tajwidi da hasashe ba. Tsarin da ya fi inganci shi ne malami ya nuna, a yi tare, sannan a sakar musu a hankali. Gwargwadon yadda saninsu ya ƙaru, gwargwadon yadda ake ƙara sakin ragamar.

Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, inda za ka samu ɗan aji biyar bai iya karanta jimla ba. Irin wannan yaron ba bincike yake buƙata ba tukuna, karatu yake buƙata. Abin da abokinsa zai iya yi masa shi ne su zauna bibbiyu yana karantawa ana saurarensa ana gyara masa, kamar dai biyawar allo.

Makarantar ƙauye mai malami ɗaya ko biyu fa?

A nan ne ma aka fi ganin amfaninsa. A Kolombiya, a tsakiyar shekarun 1970, Vicky Colbert da abokan aikinta suka fara tsarin Escuela Nueva don makarantun karkara inda malami ɗaya ke riƙe azuzuwa da yawa a ɗaki guda. An rubuta wa yara littattafan jagora da ke gaya musu mataki-mataki abin da za su yi su kaɗai, da abin da za su yi da abokai, da lokacin da za su kira malami. Yara na zaɓen shugabanninsu, suna kula da ɗan ɗakin karatu da tsafta da rajista. Abin da ya fi jan hankali shi ne yaron da ya tafi taya iyayensa girbi ba ya maimaita shekara, in ya dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Tsarin ya kai dubban makarantu a ƙasar, wasu ƙasashe kuma suka kwaikwaya. Duk wanda ya ga yadda aji ke yashewa a ƙauyukanmu da damina da kaka zai gane darajar wannan. Sharaɗinsa shi ne littattafan jagorar, kuma rubuta su aikin hukuma ne, ba na malami ɗaya ba.

Sai da kwamfuta da intanet?

A'a. Yatsu, alli, bayan tsohuwar kalanda, duwatsu da marafan kwalba sun isa a fara. Ko aikin bincike ma ba sai da na'ura ba. A tambayi 'yan ƙaramar sakandare me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, a bar su su kawo hasashe su gwada: randa a inuwa, randa a inda iska ke kaɗawa, wata an lulluɓe ta da leda. Daga nan a ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, wanda ya sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Su haɗa tasu, su sa tumatir a ciki da waje, su riƙa dubawa kullum suna rubutawa.

Da wane harshe za su tattauna?

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta sha canzawa, amma a cikin aji abin a bayyane yake: yaron da aka tilasta wa tattaunawa da harshen da bai iya ba shiru zai yi, ko ya maimaita jimlar littafi. Malamai da yawa sukan bar su su yi gardamar da Hausa, sannan rukuni ya tsara amsarsa da Turanci, ko Faransanci a Nijar, kafin a gabatar. Ta haka an samu fahimta, an kuma yi atisayen harshen jarrabawa. A darasin harshen kansa ne kawai ya kamata a dage.

Mu iyaye me za mu yi a gida?

A sauya tambaya. Maimakon "me aka koya muku yau?", a ce "zo ka koya min abin da kuka yi yau." Ba sai uwa ta yi boko ba, rashin sanin ma ya fi, domin dole yaron ya sauƙaƙa. In yana da ƙane, a sa shi ya biya masa.

Ina so in gwada. Daga ina zan fara?

Zaɓi aji ɗaya da darasi ɗaya da ka san yana ba yara wuya. Da dare ka rubuta tambaya guda mai zaɓi uku ko huɗu, ka tabbatar amsoshin ƙarya su ne ainihin kurakuran da ka saba gani a takardunsu. Gobe ka yi bayaninka kamar kullum na minti goma sha biyar, sannan ka rubuta tambayar. Minti ɗaya kowa ya yi tunani shi kaɗai, ba magana. Su nuna yatsu a ƙirji. In kan aji ya rabu, minti biyu su shawo kan juna, kai kuma ka zagaya kana saurare, ba ka cewa komai. Su sake nuna yatsu. Ka kira mutum biyu da ba su saba ɗaga hannu ba su faɗi abin da abokinsu ya ce, sannan ka rufe da amsa da dalilinta. Ban da bayanin farko, duka bai wuce minti takwas ba. Ka yi haka sau biyu a mako har zango ya ƙare kafin ka shiga maganar rukunoni.